Tambaya da Amsa: Wai shikenan Allah ya yafe masa, ni kuma fa?

Barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, na zaɓi guda 3 saboda duk da masu su basu san juna ba, abu ɗaya ne yake cinsu a rai. Kamar kullum mun cire sunaye.

TAMBAYA TA FARKO

Baba ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni gwauruwa ce, mijina ya rasu shekara 6 kenan ya barni da yara 4. Kafin rasuwarsa suna sana'a tare da wani amininsa, kuɗi da takardu duk a hannun aminin suke saboda yarda. Ana gama zaman makoki mutumin nan yazo yace min wai babu komai, jari ya karye, har ma wai mijina ne ake bi bashi, alhali ni nasan ƙarya ne don mijina baya ɓoye min komai. Babban ɗana dole ya bar makaranta. To bara sai gashi a coci ya tashi yana bada shaida yana kuka wai ya tuba Yesu ya cece shi, jama'a suna tafi, ni kuwa har yau ko tsinke bai maido min ba, ko kiyi haƙuri bai taɓa ce min ba. Ina karanta Zabura inga ance mugaye zasu hallaka, in buɗe bishara kuma inga ance duk wanda yazo ba za a kore shi ba. Wanne zan kama Baba? Wani lokaci ina addu'a Allah ya hukunta shi sai kuma kunya ta kama ni. Ko na zama muguwa ne?

AMSA

'Yata, sannu. Allah ya raya miki yaran nan. Nasan kin gaji da jin kiyi haƙuri, don haka ba da ita zan fara ba.

Baki zama muguwa ba. Kukan da kike yi yana da gurbi a cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a haife mu. Ki buɗe Fitowa sura 22 daga aya 22, Allah da bakinsa yace kada a zalunci gwauruwa ko maraya, in aka zalunce su suka yi kuka gare shi lalle zai ji, fushinsa kuma zai yi ƙuna. Asaf a Zabura 73 cewa yayi saura kaɗan ƙafarsa ta zame da yaga mugaye suna ƙiba suna jin daɗi shi kuma yana shan wuya kowace safiya. Habakuk littafinsa ma da ƙorafi ya buɗe shi, har yaushe zan yi ta kuka baka ji. Kai har a Wahayin Yahaya sura 6, rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah, suna can ƙarƙashin bagade amma tambayarsu ɗaya ce, har yaushe ya Ubangiji. Ba a tsawata musu ba fa, farar riga aka basu akace su ɗan ƙara jira. To in waɗannan sun tambaya ke wace ce da zaki ji kunya? Abin da kawai zan ja miki kunne a kai shine ki kai ƙarar ki barta a can, kada ki koma kina tsara wa Allah irin cutar da zai sa masa da ranar da zai sa. Romawa 12:19 tace ramuwa tasa ce, kuma wanda ya kai ƙara gaban alƙali baya hawa kujerar alƙalin.

Sai batun wanne zaki kama. Ni a nawa karatun ba a bamu zaɓi ba, don abubuwan nan biyu a numfashi ɗaya suka fito. Fitowa 34 aya 6 da 7, lokacin da Musa ya koma kan dutse bayan jama'a sun yi ɗan maraƙin zinariya, Allah ya wuce ta gabansa yana faɗin sunan kansa, yace shi mai jinƙai ne mai alheri, mai jinkirin fushi, mai gafarta mugunta da laifi da zunubi, kuma bai ko tsaya ya huta ba ya ƙara da cewa amma ba zai ƙyale mai laifi ya tafi haka ba. Mu ne muke yanka ayar nan gida biyu kowa ya ɗauki rabin da yayi masa. Ranar da aka cuce mu rabin ƙarshe muke so, ranar da mu muka yi cuta kuma sai mu ruga wajen rabin farko.

Bari in nuna miki annabawa biyu da gari ɗaya. Nineba babban birnin Assuriya ne, mutanen da suka yi suna wajen azabtar da waɗanda suka ci da yaƙi, har sassaƙa hotunan abin suke a bangon fada don alfahari. Allah ya aiki Yunusa can, ya ƙi zuwa, ya shiga jirgi ya nufi wata nahiya, kinsan labarin kifin. Da ya isa daga baya wa'azinsa gajere ne, saura kwana 40 a kife Nineba. Sai garin ya tuba tun daga sarki har talaka, Allah ya fasa. Yanzu ki duba sura 4 da kyau don nan ne ke da Yunusa kuka haɗu. Ya fita gabas da birnin ya kafa 'yar bukka ya zauna yana jira ko wuta zata sauka, ransa a ɓace, yana cewa Allah ai dama na sani, abin da yasa na gudu kenan, nasan kai mai jinƙai ne mai jinkirin fushi. Kinji fa, ayar nan ta Fitowa ce yake karantowa amma da ɗaci a bakinsa, kamar yana zargin Allah da ita. Allah ya tsiro masa da wani tsiro yayi masa inuwa yaji daɗi, washegari da asuba tsutsa ta cinye shi, rana ta fito da iskar gabas mai zafi ta buga masa kai har ya nemi mutuwa. Sai Allah yace kai kana jin tausayin tsiron da baka shuka ba, ni kuma kada inji tausayin birnin da yake da mutum sama da 120,000 waɗanda basu san damansu da hagunsu ba, ga kuma dabbobi da yawa? A kan tambayar nan littafin ya ƙare, ba a faɗa mana ko Yunusa ya sauko ba.

To amma labarin Nineba bai ƙare nan ba. Zamani ya juya suka koma halinsu, sai ga annabi Nahum, shima ya ɗauko ayar nan dai, yace Ubangiji mai jinkirin fushi ne, amma shi sai ya kaita ƙarshe, ba zai ƙyale mai laifi ba. Ya kira garin birnin jini. A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, Babila da Mediya suka haɗu suka rushe Nineba, ta zama kufai. Allahn da ya ɗaga musu ƙafa da suka tuba shine bai manta da jinin waɗanda suka kashe ba da suka koma. Kuma ki lura, ga ƙananan ƙasashen da Assuriya take takewa, faɗuwar Nineba ita ce jinƙan da suka daɗe suna roƙo, Nahum ma albishir ya kirata. Wannan wajen nake so ya zauna miki, hukuncin da ake yi wa azzalumi shine tausayin da ake yi wa wanda aka zalunta. Allahn da baya fushi da abin da akayi wa 'ya'yanki, ta ina zaki ce yana ƙaunarsu?

Yanzu mu zo kan mutumin naki. Zuciyarsa ni ban ganta ba kema baki ganta ba, amma hannunsa muna gani, kuma Littafi bai yi shiru a kan hannu ba. Littafin Firistoci sura 6 kamar don ke aka rubuta, ance in mutum ya ci amanar maƙwabcinsa a kan ajiya ko abin da aka danƙa masa, ya yi ƙarya a kai, to sai ya maido abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin 5 a kai, ya ba mai shi, sannan ya kawo hadayarsa a gafarta masa. Yesu bai sassauta wannan ba, a Matiyu 5:23 yace in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a nan kaje ku shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji kuma da Yesu ya shiga gidansa, tashi yayi yace rabin dukiyata na ba matalauta, wanda na cuta kuma zan maida masa ninki 4, a nan ne Yesu yace yau ceto ya shigo gidan nan. Saboda haka ni dai shaidar da ake bayarwa da hawaye a gaban makirufo, gwauruwar da aka cinye wa dukiya tana zaune a benci na uku ba a ko kalle ta ba, ina ganin tuban bai gama isowa ba, kuma masu tafin ma da sun sani da sun dakata.

Shawarata, kada ki ci gaba da haɗiye abin nan ke kaɗai. Matiyu 18 daga aya 15 ta shimfiɗa hanya, a same shi a keɓe, in yaƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, in yaƙi a kai gaban ikilisiya. Ki nemi dattawa biyu masu riƙon gaskiya, ki tattara duk wata takarda ko rasit ko saƙon waya da ya rage, da duk wanda ya san yadda sana'ar take. Tunda shi ya faɗa a bainar jama'a cewa ya tuba, ai ya buɗe ƙofa da kansa, ba tona masa asiri kike ba, taimaka masa kike ya cika abin da ya fara. Bulus ya fi so a gama irin wannan tsakanin 'yan'uwa kafin aje kotu, don haka ki fara ta nan, amma in ya toshe kunne neman haƙƙin marayu a gaban hukuma da lauya ba zunubi bane, Romawa 13 ta kira mai mulki ma'aikacin Allah don hukunta mai mugunta. Kuma da Yesu zai koyar da naciya a addu'a, a Luka 18, gwauruwa ya ɗauko wadda ta dami alƙali da zirga-zirga har sai da ya bi mata haƙƙinta.

Saura magana mai nauyi, bazan ɓoye miki ita ba. In mutumin nan ya tuba da gaske to Allah zai yafe masa, yafewa ta gaske, kuma mai yiwuwa ranar da kika gane haka zaki ji zafi irin na Yunusa a bukkarsa. Na taɓa zama da wata uwa da aka kashe mata ɗa, muna karanta Luka 23 muka zo wajen ɓarawon nan da Yesu yace masa yau zaka kasance tare dani a Firdausi, sai ta rufe littafin a hankali ta ɗora tafin hannunta a kai, ta daɗe bata ce komai ba, can tace to uwar wanda ya kashe fa, ita wa ya tambaye ta? Ban iya bata amsa a ranar ba, tare mukayi shiru. Abin da na riƙe daga baya shine gafarar nan ba share allo bace kawai kamar abin bai faru ba. Romawa 3:25 da 26 tana cewa gicciye yana nuna Allah mai adalci ne a daidai lokacin da yake kuɓutar da mai laifi, wato bashin ba yafe shi akayi a iska ba, wani ne ya biya da jikinsa. Kuma ko bayan gafara akwai girbi a duniya. Dawuda da yasa aka kashe Uriya ya ɗauke masa mata, annabi Natan yace masa Ubangiji ya kawar da zunubinka ba zaka mutu ba, amma a zama ɗaya ɗin nan yace takobi ba zai rabu da gidanka ba, haka kuwa akayi, gidansa bai sake zama lafiya ba.

Ke kuma taki yafewar, kada kowa ya matsa miki ki furta abin da bai kai zuci ba. Yafewa ba cewa bace abin da yayi ba komai, kuma bata hana ki karɓi haƙƙin yaranki. Zata zo ne a hankali, wataran ki wayi gari ki tarar kin daina kwana da fuskarsa a ranki.

TAMBAYA TA BIYU

Malam ni ɗalibi ne a jami'a. Wani abokina kullum yana min gardama wai Allahn Tsohon Alkawari mai fushi ne, ruwan tsufana da Saduma da yaƙe-yaƙe, na Sabon Alkawari kuma mai ƙauna, wai ba ɗaya bane. Gaskiya wani lokaci rasa amsa nake.

AMSA

Ɗana, gardamar abokinka ta girme shi da kusan shekara 1,900. Wani mutum mai suna Markiyon daga garin Sinof a bakin Baƙin Teku ya kawo irin wannan koyarwa a Roma, har ya jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya ya riƙe Luka da ya yi wa gyara da wasiƙun Bulus guda 10, ikilisiya ta fitar dashi wajen shekara ta 144, daga baya wani malamin ikilisiya mai suna Tertuliyan ya rubuta littattafai 5 yana mayar masa da martani. Abin da ya kada Markiyon shine sai da yasa almakashi a Sabon Alkawarin ma kafin ra'ayinsa ya tsaya.

Ka tambayi abokinka, Hananiya da Safiratu da suka faɗi matattu saboda ƙarya, a wane alkawari suke? Ayyukan Manzanni sura 5 ne. Wa ya bada labarin raba tumaki da awaki a Matiyu 25? Yesu ne da kansa. Sannan ka juya dashi baya, Saduma ɗin da yake kafa hujja da ita, ya karanta Farawa 18 kuwa? Ibrahim ya tsaya gaban Allah yana ciniki, in akwai adalai 50 fa, to 45, to 40, 30, 20, har ya sauko 10, kuma kowane karo amsar ita ce bazan hallaka garin ba saboda su. Ibrahim ne ya tsaya a 10. A Farawa 15 ance zuriyarsa zasu yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, kuma dalilin da aka bayar na jinkirin komowarsu shine muguntar Amoriyawa bata cika ba tukuna, kaga irin dogon jiran. Ezekiyel 33:11 kuwa Allah har rantsuwa yayi da ransa cewa baya jin daɗin mutuwar mugu, yafi so ya juyo ya rayu, yana ta kira ku juyo ku juyo don me zaku mutu.

Akwai abu ɗaya da nake so ka duba da idonka. Ka ajiye Ishaya 61 kusa da Luka 4. A majami'ar Nazarat Yesu ya karanta wajen nan, ya kai kan shekarar tagomashin Ubangiji sai ya naɗe littafin ya zauna, alhali a Ishaya maganar ta ci gaba da ranar ɗaukar fansa ta Allahnmu. Bai goge ta ba, tsayawa yayi kafin ya kai. Yadda na fahimta muna zaune ne a cikin wannan tsayawar, kuma 2 Bitrus 3:9 tace ba jinkiri bane irin na mai mantuwa, haƙuri ne don baya so kowa ya hallaka.

Kada kuma kayi masa ƙaryar cewa komai mai sauƙi ne. Ni kaina akwai surori a littafin Joshuwa da bana iya karantawa ba tare da nauyi a ƙirji ba, na kuma gwammace in faɗi haka da in kawo bayanin da ni ma bai gamsar dani ba.

TAMBAYA TA UKU

Baba ni kam nawa daban ne. Shekarun baya nayi wa wani abokin aikina ƙazafi aka kore shi don in samu matsayinsa, na samu kuma. Yanzu duk ayar hukunci da naji sai inga dani ake. Anya akwai sauran jinƙai ga irina?

AMSA

Akwai, ɗana. Manassa sarkin Yahuza shekara 55 yayi a kan mulki, ya ƙona ɗansa hadaya, 2 Sarakuna 21 tace ya cika Urushalima da jinin marasa laifi daga wannan gefe zuwa wancan, amma a 2 Tarihi 33 da aka ja shi da ƙugiya da sarƙa zuwa Babila ya ƙasƙantar da kansa yayi addu'a, Allah yaji shi ya maido shi. Da ya dawo kuma bai zauna ba, gumakan da ya kafa da hannunsa ya bi ya fitar dasu bayan gari.

Rashin barcin nan naka ni bana ganinsa alamar an rufe maka ƙofa, wanda aka bari da taurin zuciyarsa baya rubuto irin wannan saƙo. Amma ka koma sama ka sake karanta wasiƙar farko, don mutumin da aka kora saboda kai yana da iyali, wataƙila matarsa ma tana irin addu'ar da waccan baiwar Allah take yi. Ka nemi lambarsa cikin satin nan. Kaje da wani dattijo da kuka yarda dashi ku biyun, ka faɗa masa abin da kayi ba tare da kwana-kwana ba, ka rubuta wa wajen aikin ku gaskiyar magana don a wanke sunansa ko da kujerar zata tafi, sannan ku zauna ku lissafa abin da ya rasa ka fara biya gwargwadon ƙarfinka. Zai iya zaginka, zai iya ƙin buɗe maka ƙofa ranar farko, wannan haƙƙinsa ne, sai ka koma. In kaje ka rubuto min yadda kukayi.